Lamba Ɗaya, Gari Uku

A shekarun da na yi ina fatauci, ban taɓa sayen abu daga hannun wanda ban ga fuskarsa ba. Na sayi goro a Kumasi, na sayi gishiri a Agadas, na sayi yadi a Jidda, kuma ko'ina akwai mutum na uku da ke tsaye tsakanin mai saye da mai sayarwa. Larabawa su ce dallal, mu ce dillali, masu Faransanci suna da tasu kalmar, amma aikinsa ɗaya ne: in kaya suka fito da aibi, shi za a kama. A kasuwar dabbobi ta Bakura har yau haka ake yi. In ka sayi saniya, daga baya mai ita na gaskiya ya zo ya nuna shaidar gidansu a kunnenta, ba ka bin wanda ya kawo ta kasuwa. Wurin dillali za ka je. Ko ya nemo maka mutumin, ko ya san yadda zai yi da kai.

Yanzu kuwa ana ciniki da wanda ba shi da rumfa, sai hoto da taurari biyar a ƙarƙashin sunan da ya raɗa wa kansa. Na san wannan sarai. Duk da haka na faɗa, kuma ban faɗa ni kaɗai ba.

Bayan na bar tafiye-tafiye na zauna a Talata Mafara, na sayi tsohuwar kwamfuta don rubuta wasiƙun ƙungiyarmu ta manoman rani. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar tana buƙatar lasin, wato wata lamba mai haruffa da alƙaluma ashirin da biyar, a jere biyar-biyar. In ka shigar da ita, kamfanin da ya ƙera manhajar zai shaida cewa da izininsa kake aiki. Lasin na gaske yana da tsada. Sai na ci karo da wani mai sayarwa a wata kasuwar intanet, yana bayar da shi a farashin da bai kai na zakara ba. Na rubuta masa da Turanci, ya amsa cikin ladabi, ya turo lamba kafin shayina ya huce. Na shigar, kwamfuta ta karɓa. Daɗi ya kama ni, bakina ya ƙi yin shiru.

Mutum biyu na nuna wa hanya. Na farko abokina ne tun na ƙuruciya, yana Maradun, shi ke riƙe da takardun wata makarantar Islamiyya. Ta biyu ɗiyar wani aminina ce da ya rasu, wanda ya yi dillancin shanu a Bakura duk rayuwarsa. Ta buɗe ɗan shago a can da kwamfuta huɗu, tana buga wa mutane takardu, tana kuma son fara koya wa mata aikin. Ba za ta iya ba ɗalibai takardar kammalawa ba sai hukumar da ke kula da irin waɗannan cibiyoyi ta turo jami'i ya duba wurin ya amince. Ta kusa shekara tana jiran wannan rana. Mai sayarwar ya turo mata lamba guda, ya ce ta isa kwamfutocin huɗu.

Bayan kamar wata biyu, wata Litinin da hantsi, abokina na Maradun ya kira ni. Muka gaisa, muka tambayi iyali da gona da lafiyar hanya, sannan ya ce, “To, mai harshe biyar, da wane harshe ka yi cinikin nan?”

Na ce, “Wane ciniki?”

“Na lambar nan taka. Wani rubutu ya hito a kusurwar allo, ya zauna awa baƙon da bai san sallama ba. Wai lasin namu ba na ƙwarai ba ne.”

Na kunna tawa. Rubutun yana nan a kusurwa, dishi-dishi, a kan duk abin da na buɗe. Ban jira ba, na ɗauki mai gyaran kwamfutarmu muka hau mota zuwa Bakura. Shi mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a Mafara har Hausarsa ta koma irin tamu, kowa Injiniya yake ce masa.

Mun tarar da ɗiyar aminin nawa tsaye a tsakiyar shago, allo huɗu a kunne, kowanne da rubutunsa. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, “Baba, jami'in ranar Alhamis zai zo.”

Injiniya ya ce kowa ya fito da lambarsa. Na kira Maradun na buɗe muryar waya don kowa ya ji, abokina ya fara karanto tasa biyar-biyar. Ita tana bi da yatsa a takardarta, ni ina bi a tawa. Biyar na farko suka zo daidai. Na biyu ma haka. Har ya kai ƙarshe babu bambanci. Lamba ɗaya ce aka sayar wa Mafara da Bakura da Maradun, Allah kaɗai ya san sauran garuruwan.

Injiniya ya ce, “Wannan lambar wani kamfani ce, aka sace ko aka karkatar. Da masu manhaja suka ga ta bazu, sai suka rufe ta.”

Nan take na rubuta wa mai sayarwar da Turanci. Shiru. Na sake da Faransanci, na ƙara da Larabci. Daga cikin waya abokina ya ce, “Gwada mashi Fillanci, ƙila bahillace ne.” Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

Injiniya ya sassauta murya ya ce, “Hajiya, akwai hanya. Akwai wata 'yar manhaja, in na sa ta, rubutun zai ɓace, jami'in ba zai gane komai ba. Da yawa haka suke yi. Ban ce tana da kyau ba, wani lokaci takan shigo wa kwamfuta da cuta. Amma Alhamis ta kusa.”

Zan faɗi gaskiya, zuciyata ta karkata. Laifin nawa ne, kuma ga hanyar da za ta rufe shi kafin azahar.

Ta ce, “Injiniya, in ka ɓoye rubutun, lambar ta zama tawa?”

“A'a.”

“To ai wannan yanke kunnen saniya ne don a ɓad da shaida.” Ta juyo gare ni. “Baba, kai ka san babana. An taɓa kawo mashi irin wagga ya sa hannu?”

Ba a taɓa ba. Na ga ranar da ya kori wani daga turkensa saboda sabon yanka a kunnen bijimi, alhali kuwa a lokacin yana cikin buƙata. Da ta ambace shi ne na gane matsayina a wannan ciniki. Na ɗauka labari kawai na ba su, ashe dillanci na yi.

Na ce, “Ɗiyata, ni na kai ki, ni zan hid da ke.”

“Baba, ai ba ka ci la'ada ba.”

“Da ba ni na hwaɗi ba, da kin saya?”

Ta sunkuyar da kai.

Washegari ni da Injiniya muka ɗauki kwamfutocinta biyu muka tafi Sakkwato, wani shago da ya sani, mai izinin sayar da lasin daga masu manhajar. Muka sa aka shigar da lamba a gabanmu, aka rubuta rasit da sunanta. Ƙarfina ya kai lasin biyu ne kawai. Na kira abokina in ba shi haƙuri a kan tasa, ya ce in bar shi, makaranta za ta saya, amma tsokana kam sai ranar da ɗayanmu ya mutu. Tawa kwamfutar kuwa Injiniya ya sa mata wata manhaja ta kyauta, wadda masu ita suka yafe wa kowa. Na sha wuya kafin hannuna ya saba da ita.

Ranar Alhamis na zauna a kan benci a ƙofar shagon, ina jin komai. Kwamfuta biyu suna aiki, biyu ta kashe ta lulluɓe su da zane. Jami'in ya duba biyun da ke aiki, ya ga rasit, sannan ya tambayi na lulluɓe.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, lasin nasu na bogi ne. An cuce mu a intanet. Ba zan koyar a kansu ba sai na gyara.”

Ya ɗaga zanen, ya kunna ɗaya, ya daɗe yana kallon rubutun da ke kusurwa. Ya tambaye ta ko ta san akwai masu goge shi. Ta ce ta sani. Ya rubuta mata amincewa a kan kwamfuta biyu, ɗalibai kaɗan a kowane aji, ya ce ta neme shi in ta gyara sauran.

Na ga 'yan kasuwa masu gaskiya a ƙasashe da dama, amma yawancinsu akwai idon wani a kansu. Wannan ba mai ganinta sai ni da Injiniya, kuma shi ya ba ta shawarar banza, ni ma na kusa bin bayansa. A motar dawowa Mafara na rasa wanda zan gaya wa, sai na gaya wa direba.

Ta fara da mata huɗu. Kafin damina ta zagayo ta sayi lasin na sauran biyun da kanta, jami'in ya dawo ya cika mata takardarta. Darasin farko da take yi wa kowace ɗaliba shi ne yadda ake buɗe kwamfuta a duba ko lasin nata na gaske ne. A yau, duk wanda zai sayi lasin cikin mutanenmu na Mafara da Bakura da Maradun, ita yake tambaya, ba ni ba.