Mai Musun Saman Bene

Duk layinmu a Matsumoto babu wanda bai taɓa musu da Kuwabara Teiji ba, kuma babu wanda ya taɓa jin daɗin musun. Ba taurin kai ne da shi ba. Abin haushin shi ne, kafin ka buɗe baki ya riga ya faɗi hujjarka, ya tsara ta fiye da yadda kai za ka iya, ya bar ka tsaye baki sake. Ni da kantin maganina ke kallon shagon taliyarsa, tun gashina yana baƙi nake shan wannan. Ran da na tsallaka titi in yi masa tatas a kan hayaƙin kicin ɗinsa da ke shigo mini kanti, shi ya shiga lissafa mini illar hayaƙi ga magani, ga labule, ga ƙirjin tsofaffi masu tari, har da abin da ban yi tunani ba. Na koma ban zage shi ko sau ɗaya ba, raina a ɓace. Washegari ya sa aka ɗaga bututun hayaƙin.

Ba da wannan hali aka haife shi ba, a saman benen shagonsa ya koyo shi. Teiji bai yi nisa a makaranta ba, da wuri ubansa ya ja shi kicin ya koya masa kwaɓin soba, wato taliyar da suke sayarwa, da yankanta. Sai da Teiji ya manyanta wani Malam Iwabuchi ya bar koyarwa a jami'a, ya zo yana neman ɗakin da zai riƙa zama da masu son karatu. Marigayiya Sumie, matar Teiji, ita ta ce ga ɗakin sama nan babu komai a ciki sai tsofaffin kwanuka. Tun daga nan, kowace Asabar idan an gama cinikin rana an sauke labulen ƙofa, sai mu hau. Ni da Okubo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai barci a zaune, mu ne ba ma fashi. Ɗalibai kuwa su zo su tafi.

Abin da muke karantawa wani ƙaton littafi ne na Latin, na wani limamin coci da ya rayu a Turai shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Malam ya ƙarar da rayuwarsa yana bin sawun maganganun irin waɗannan malamai, yadda suka ɗauko su daga tsofaffin Girkawa, da yawansu ma ta hannun Larabawa. Layi biyu kan cinye mana yini. Mun yi damina guda a kan zati da sifa kawai: mutum yana zaune sai ya miƙe, zaman ya tafi, mutumin yana nan, gashi ya yi fari, mai gashin bai zama wani ba. Okubo ya ce to shi barcinsa zati ne, na ce ai mun daɗe da sani.

Mutanen littafin suna da tsari ɗaya da ba sa saɓawa. A ajiye tambaya. A fara kawo hujjojin wanda ba a yarda da shi ba, da ƙarfinsu, ba a rage musu komai. Sannan malami ya ba da amsa, ya koma ya warware hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Yawanci kuma da kalma guda ake buɗe ƙullin: sai an bambance. Teiji da fari shayi kawai yake kawo mana, sai ya fara daɗewa a bakin ƙofa da tire a hannu. Wata rana ya ce, cikin jin kunya, shi fa yana ganin mai musun nan na cikin littafin yana da gaskiya, an dai yi masa gaggawa ne. Malam ya matsa masa wuri a tabarma. Daga ranar ya zama mai musunmu. Latin ɗinsa har yau da ɗan yatsa yake bin sa, amma idan ya tsaya wa ra'ayin da ba nasa ba, sai ka rantse gadonsa ya yi.

Da haka ya rayu, kuma ya ji daɗin rayuwarsa. Da asuba kwaɓi, da rana ciniki, ranar Asabar musu. Mutum ne da za ka ji yana raira waƙa shi kaɗai a kan tukunyar romo.

Sai kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi matsala. Ni nake sayar masa da man shafawa, don haka ni na fara sani. Soba kuwa da kafaɗa ake yin ta. Wata safiya ya tsaya a kantina ya ce mini ya yanke shawara, idan shekara ta ƙare zai rufe shagon da ubansa ya bar masa. Na ce Kazue fa? Kazue ita ce 'yarsa tilo. Tana aiki a Tokyo aka kira ta jinyar uwarta, uwar ta rasu, ita kuma ba ta koma ba. Ta haura arba'in tana kai kwano tana wanke kwano, domin Teiji bai taɓa bari ta taɓa gari ko wuƙa ba. Ya ce saboda ita ne ma zai rufe, ya ɗaure yarinya ya isa haka. Na ce to ka tambaye ta mana, wannan wane irin wauta ne. Ya ce ya san abin da za ta ce, za ta ce ba komai Baba, kuma ya san abin da ke ƙarƙashin ba komai ɗin. Ya faɗa mini shi tiryan-tiryan. Na yarda da shi, ni ma da wayona.

Asabar ɗin da ta biyo baya, kafin a buɗe littafi, ya roƙi Malam alfarmar a ajiye tambayarsa a tebur yau: shin ya dace shagon nan ya ci gaba? Malam ya cire tabarau ya ce to, mai musu ya fara.

Ban taɓa jin Teiji ya yi musu irin na ranar ba. Ya ce na ɗaya, taliyar gidan nan hannunsa ce, idan hannun ya tafi abin da ya rage suna ne a jikin labule. Na biyu, an ci ƙuruciyar mace guda a tsakanin teburan nan, kuma babu romon da ya kai wannan tsada. Na uku, Kazue ba ta taɓa cewa tana son shagon ba, shirun 'ya a gaban ubanta kuwa ba yarda ba ne, tausayi ne. Ya yi maganar tituna da abokan da ta bari a Tokyo, da yadda take tsayawa a ƙofa da yamma tana kallon hanyar tasha. Ni dai hawaye ya zo mini, kuma na ji haushin kaina. Okubo ido biyu. Malam ya dube mu ko akwai mai amsa, kowa ya sunkuyar da kai. A raina na ce shi ke nan, shago ya tafi, ɗakin sama ma ya tafi.

Ashe Kazue tana bakin matakala da tiren shayi. Ta ajiye shi a hankali, ta shigo ta durƙusa a gefen tebur, wurin da ba ta taɓa zama ba.

"Malam," ta ce, "a ƙa'idarku ai mai musu ba ya ba kansa amsa, ko?"

Malam ya ce ƙwarai kuwa.

"To a ba ni izini. Sai an bambance."

Okubo ya tuntsire da dariya, na zungure shi. Ita ko gezau. Ta ce a kan hujja ta ɗaya, shagon nan yana nan tun hannun kakanta, kafin hannun Baba, kuma da aka sauya hannu ba wanda ya ce wani shago ne daban. Idan abin da ta shekara tana ji daga matakala gaskiya ne, hannu sifa ce, yana zuwa yana tafiya. Ta ƙara da cewa duk ranar hutun shago da Baba ke tafiya asibiti gashin kafaɗa, ita tana ƙasa tana kwaɓi, kuma maƙwabcinmu mai aski ya gaji da cin gwajinta. A kan ta biyu ta ce ƙuruciyar tata ce, ita ta san inda ta kashe ta, hanyar tasha kuma motar mai kawo gari take dubawa, don kullum sai ya makara.

Daga nan ta juyo ta fuskanci ubanta.

"Ta uku kuma, Baba, ba shiru nake yi ba. Duk ran da na buɗe baki, sai ka riga ni faɗin abin da ke raina. Kana faɗinsa da kyau, har in ji kunyar gyara maka. Amma ba nawa ba ne. Shagon ina sonsa. Kicin ɗin nake so ka fita ka ba ni."

Na dubi Teiji, fuskarsa ta yi ja har kunne. Tausayinsa ya kama ni, domin abin da yake taƙama da shi duk rayuwarsa, abin da ya ɗauka kyautatawa ce, shi ne aka ajiye masa a tebur. Malam Iwabuchi ya mai da tabaransa, ya tambaya a natse kamar kowace Asabar, ko mai musu yana da sauran hujja.

Teiji ya buɗe baki. Na ga hujjar ta zo masa har leɓe, don na san fuskarsa idan ta zo. Sai ya rufe.

"Babu," ya ce.

Ya tashi ya sauka ƙasa. Muka ji yana buɗe akwati. Ya dawo da faffaɗar wuƙar yankan soba ta ubansa a naɗe cikin farin ƙyalle, ya durƙusa, ya ajiye ta a gaban Kazue da hannu biyu, ƙotar tana fuskantar ta. Ba a buɗe littafi ranar ba, kuma Malam bai yi ƙorafi ba.

Yanzu labulen ƙofa yana nan, hayaƙi ma yana nan. Taliyar Kazue ta fi ta ubanta siranta, wasu tsofaffin masu ciniki sun yi gunaguni, sannan suka ci gaba da zuwa. Teiji ya samu teburin kusa da taga, da ƙamus ɗinsa na Latin, kuma ranar Asabar har gobe shi ne mai musu, a kan littafi dai. Ni ce ma na yi asara, don yanzu idan na tsallaka faɗa sai ya naɗe hannu ya jira, dole in nemo hujjata da kaina.

Ina wurin ranar da ta fara ajiye masa kwanon da ta yi da hannunta a gaban jama'a. Ya ci, ya kurɓi romon, ya ajiye tsinkayen cin abinci. Ta tsaya a kansa tana murza gefen rigar aikinta. Na ga ya ja numfashi zai fara da "Za ki ce," kamar yadda ya saba. Sai ya haɗiye, ya jawo mata kujerar da ke gefensa.

"Ke me kika gani?" ya ce.

Kuma ya jira har ta gama.