Famfon Keken Malam Lawali

Ina cikin wasa wuƙa da safen nan aka kira ni daga Ollelewa, wai Malam Lawali ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ban san inda na ajiye wuƙar ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne likitan dabbobin da ya daɗe yana duba nama a abatuwar Tanut. Naman da bai buga wa hatimi ba, ba ya shiga kasuwa.

Gaskiya ɗaya ce, mu mahauta ba mu so shi ba da farko. Ya tsaga hanta, ya ga tsutsa, ya jefa ta rami, kana kallo kana haɗiyar zuciya. Ya shafa tunkiya ya ce ciki gare ta, a mayar. In ka wasa wuƙa a gaban akuya sai ya ce, "Kai in kai ne fa?" Na sha zaginsa a bayan ido, kuma kun san ni da baki.

A lokacin da baki muke hura dabba kafin fiɗa. Ka tsaga fata kaɗan a ƙafar baya, ka yi ta hurawa har ta kumbura, fata ta saki nama. Haka na gada wajen babana, har ina taƙama ba wanda ya kai ni numfashi.

Sai tari ya kama ni. Wata biyu ina ramewa, ina ce wa mutane sanyi ne.

Wata safiya ina durƙushe kan wani bunsuru, na hura, na juya na yi tari, na sake sa baki. Ina ɗagowa na gan shi tsaye a kaina.

Kun san garinmu, in aka ce mahauci yana da tarin fuka, ko ya warke ba mai ƙara tsayawa gaban teburinsa. Ga iyali a gida, ba ni da wata sana'a.

Ya ja bunsurun gefe, bai buga masa hatimi ba. Ya ce, "Sani, zo ka tura mini babur, ya ƙi tashi."

Babur lafiyarsa lau. Da muka kewaya bayan katanga ya ce, "Hau, asibiti za mu."

Na ce, "Malam, sanyi ne fa."

Ya ce, "To, mu je su faɗa mana da bakinsu."

Aka yi gwaji, tarin fuka ne. Ni da gemuna na zauna ina kuka. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ana warkewa, in ka sha magani har ƙarshe. Amma nama ba ka ƙara taɓa shi sai likita ya yarda, wannan ba roƙo ba ne. Sauran ka bar mini."

Washegari ya je wajen sarkin fawa ya ce a ara masa ni, yana son wanda ya san dabba ya taimaka masa a kara, filin da ake tara dabbobi. Ƙanena ya riƙe tebur. Ni kuwa ina can a fili, ina shayar da dabbobin da suka sha tafiya a mota, ina sassauta wa waɗanda igiya ta ci wa ƙafa. Shekara nawa ina yanka, sai a nan na fara kallon dabba da ranta.

A satin nan ya zo abatuwa da famfon kekensa, ya ce daga yau ba mai ƙara sa baki jikin dabba. Aka yi masa caa. Wani ya ce, "Malam, akuya ce ko taya?" Har ƙararsa aka kai wai yana raina gadon iyaye. Ya shanye duka, bai ce uffan a kaina ba.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne a kasuwar Belbeji. Ya yi ritaya, ya koma noma, ya tsufa sosai. Ya ce, "Ja numfashi in ji." Na ja. Ya yi dariya ya ce, "Ƙirji lafiya, saura ka rage tumbi." Na buɗe baki zan yi masa godiya yadda ta kamata, sai ya hau zancen damina. Na ce a raina wata rana.

Ya fi shekara goma yana riƙe da maganar nan, ko sarkin fawa bai sani ba. Yau ni na faɗa da kaina. 'Yan uwana mahauta, zagin da kuka yi masa kan famfo, nawa ne ya ɗauka. Waɗanda suka ci naman hannuna a watannin da nake ɓoye tari, ku yafe mini. Wanda zai daina saye a wajena daga yau, ban ga laifinsa ba.

Ya Allah, bawanka Lawali ya rufa mini asiri ranar da ba ni da mai rufawa. Ka rufa masa nasa, ka gafarta masa, ka ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. Tawa ni kaɗai ba za ta isa ba.