Ranar da Baba Ya Sa Aka Kashe Esi

Abubuwa da yawa sun same ni na manta, amma yinin da muka je Sabon Gari sayen laftof ni da Baba, ko na tsufa tukuf ba zai fita daga raina ba.

Ƙanena ne ya yi hatsari a babur, ya samu rauni a baya, ya daina tafiya. Saurayin da duk Fagge aka san shi da ƙwallo ya koma kwance, fuska a bango. Inna ta yi lallashi har ta gaji, amsarsa daga "to" sai "a'a". Rannan kawai ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton wata laftof ta gem, wato wasan kwamfuta, siririya mai fitilu kala-kala. Ya ce, "Yaya, da wannan zan iya buga ƙwallo da abokaina ina kwance." Abin da ya fara roƙa ke nan tun da ya kwanta, ni kuwa da saurin bakina na ce ya ɗauka ta zo.

Baba ɗan kasuwar Kwari ne, kuma a wurinsa gem shiririta ce. Da ƙyar ya yarda, ya kafa sharaɗi: "Sau ɗaya zan saya. In ta mutu, kada wanda ya sake kawo mini zancen." Ni kuwa na san furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof, a manne take da injin. Ba a canza ta, wadda ka zaɓa da ita za ka zauna.

Shagon wata Madam muka shiga, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar me. Esi na ta hura sanyi, alhali waje bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Ta fito da siririyar, ta haɗo da wata ƙatuwa baƙa mai kauri. Ta ce, "Alhaji, furosesar siririyar ta fi sabunta. Ta wannan ta ɗan girme ta, amma tana da wurin shan iska."

Baba ya juya su kamar yana duba turmin atamfa. Ya ce, "Mu a Kwari, in ana shakkar yadi, ƙyalle ake yanka a wanke a gani ko yana zuba. Ɗakin yarona rufin kwano ne, babu esi. Kashe naki, ki kunna su."

Madam ta ɓata rai. "Alhaji, so kake ka ƙona mini kaya?"

"In ba za su jure zafin Kano ba, mu tafi."

Wallahi har ya gyara babbar riga zai miƙe. Ni dai fuskar ƙanena kawai nake gani in na koma hannu biyu. Madam ta dube ni, ban san me ta gani a idona ba, ta yi tsaki ta kashe esin, ta buɗe ƙofa, ta kunna gem ɗin ƙwallo mai nauyi a kowacce.

Zafi ya cika shagon, gumi ya jiƙa mini riga. Da fari siririyar gudu take lafiya lau, har na fara murna. Can sai 'yan wasan suka fara tsayawa suna tafiya, ƙwallo ta maƙale a sama. Na taɓa jikin laftof ɗin na janye hannu da sauri. Furosesar ta ji wuta, ta rage wa kanta gudu. Baba ya ce, "Ta zuba."

Sai ƙatuwar ta kama ƙugi kamar injin markaɗe. Baba ya miƙe tsaye. "Wannan ma ga ta tana kuka. Tashi mu je."

Ban taɓa yi wa Baba musu a gaban mutane ba sai ranar. Na ce, "Baba, don Allah dubi allon, ba ta tsaya ba. Fanka ce ke fitar da zafin." Na kama hannunsa na kai gefenta, iska mai zafi ta buso masa. Ya tsaya yana kallon 'yan ƙwallon suna gudu abinsu. Ya daɗe a haka yana gumi. Sannan ya ce wa Madam, "Naɗe mana mummunar."

A adaidaita sahu tsoro bai sake ni ba, don ba ita na yi wa ƙanena alkawari ba. Da muka isa gida na ajiye ta a gabansa, na gaya masa duk yadda aka yi. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Baba da kansa ya tsaya yana kallon gem?" Na ce har gumi ya yi. Sai ya fashe da dariya. Inna tana tsakar gida ta saki ludayi ta rugo, don rabonta da jin wannan dariyar tun kafin hatsarin.

Yau shekaru sun ja, laftof ɗin tana nan tana ƙugi a kan cinyarsa, maƙwabta ma sun saba. Tun ranar na koyi cewa duk abin da kake so ya daɗe, kada ka yarda da shi a cikin sanyi. Ka gwada shi a irin zafin da zai zauna a ciki.