Igiyar da Aka Ɗaura Kafin a Shiga Ruwa

Wata rana, a tsakiyar damina, na zagi wani dattijo a cikin zuciyata. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da hantsi yayana Sallau ya kira ni daga ƙauye. Ya ce jikin Inna ya yi tsanani, kuma sunana take ta kira.

Shekara biyu ke nan rabona da gida. Kullum sai in ce sai an yi hutu, hutun ya zo ya wuce ina birni.

Na bar komai na kama hanya.

Da azahar na isa garin da kwalta ta ƙare. A tasha aka gaya mini ruwa ya tafi da kwalbatin hanyar ƙauyenmu, kwana uku babu motar da ta haye. Direbobi duk suka ƙi.

Mutum ɗaya ne ya yarda, wani dattijo mai furfura da tsohuwar jif ɗinsa. Motar ta tsufa har ƙofarta da waya ake ɗaure ta. Ban damu ba, in dai za ta motsa.

Muka yi ta ratsa taɓo har muka iso bakin ruwan. Jajir yake, yana gudu, ga faɗi. Can hayi ina hango wasu manoma da shanun huɗarsu sun tsaya suna kallonmu.

Na ɗauka zai taka mai mu faɗa.

Sai ya kashe motar.

Ya buɗe murfin inji, ya ce a bar shi ya huce, ƙarfe mai zafi ba ya son ruwan sanyi. Ya naɗe wandonsa, ya ɗauki sanda ya shiga ruwan da ƙafa. Yana tafiya yana caccakar ƙasa, ruwa har ƙugunsa. Ya je tsakiya ya dawo, ba gaggawa ko kaɗan.

Wayata ta yi ƙara. Sallau ne: "Kina ina? Ta daina karɓar ruwa."

Baba direba kuwa sai ya ɗauko gwangwanin giris yana shafa wa kan batir da wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shafa wa jariri mai. Ya sassauta fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji, don kada fanka ta doki ruwa ta fasa lagireto. Ya jona wani dogon tiyo a bututun da injin ke shaƙar iska, ya ɗaga bakinsa sama ya ɗaure a jikin rufin motar. Ya rufe gabanta da tamfol. Ya sauke gilasai duka.

Na ce to, an gama.

Ashe da saura.

Ya jawo wata igiya mai kauri daga bayan mota, ya kwanta rigingine a cikin taɓo, ya shige ƙarƙashin motar yana ɗaura ta a ƙugiyar gaba.

A nan haƙurina ya ƙare.

"Baba, don girman Allah! Mahaifiyata na can rai a hannun Allah, kai kana ɗaure motar da ba ta maƙale ba?"

Ya fito a hankali, ya goge hannunsa a riga.

"'Yata, in ta maƙale, ƙugiyar nan tana ƙarƙashin ruwa. Wa zai gan ta?"



Yana naɗe ragowar igiyar a kan murfin injin yana ba ni labari, bai ko dube ni ba. Shekara goma sha tara da suka wuce, a irin wannan ruwa, ya ɗauko matarsa Tabawa tana naƙuda. Sauri yake yi, bai tsaya shirya komai ba, ya faɗa. Motar ta tsaya a tsakiya.

Mutane sun zo. Shanu sun zo. Igiya ma akwai ta.

Wurin ɗaura ta ne aka rasa. Sun fi sa'a ɗaya suna nutso a jan ruwa suna lalube. Kafin su jawo motar, Tabawa ta cika, da abin da ke cikinta.

Ya zura bakin igiyar ta tagarsa, ya ce in shiga, in yi bismilla.

Muka shiga da giya ta ɗaya, a hankali. Ruwa ya haura tayoyi, ya shigo ta ƙasan ƙofa ya rufe mini idon sawu. Injin na gurnani, bai mutu ba.

Saura kaɗan mu haye, tayoyin suka nutse a rairayi. Motar ta tsaya cik, ruwa na dukanta ta gefe.

Wallahi na sadaƙar.

Baba ko gezau. Ya leƙa ta taga ya kira manoman nan, ya wurga musu igiyar. Suka kama, suka ɗaura wa shanu biyu, suka yi kabbara suka ja.

Ko minti goma ba mu yi a wurin ba.

Bayan la'asar na shiga ɗakin Inna, zanena jiƙe sharkaf. Ta buɗe ido, ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Uwani, kin rame." Daga hannuna ta karɓi ruwa, cokali uku. Ta sa mini albarka, na roƙi gafararta, ta ce ba ta taɓa riƙe ni da komai ba.

Na fito in yi wa Baba godiya. Na same shi a gindin darbejiya yana wanke igiyarsa.

Ya ɗago kai. "Kin same ta?"

"Na same ta, Baba."

Ya kau da fuska, ya sa hannun riga ya share idonsa. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau kam na isa da wuri."

Washegari da hantsi Inna ta rasu, kanta a kan cinyata.

Ban ma tambayi sunan dattijon nan ba. Amma duk sallar da na yi, in na ambaci Inna, sai na ambaci Tabawa.

Darasi: Ba duk wanda ya tsayar da kai ne yake ɓata maka lokaci ba, wani kam, abin da ya rasa ne yake tsare maka. Kuma ka ɗaura igiyarka tun kana kan tudu. Ka kira mahaifiyarka yau, ka leƙa 'yan'uwanka tun ana lafiya, kada sai ruwa ya rufe ka fara lalube. Ni na yi sa'a, wani ne ya ɗaura mini tawa.

In kana da wanda ka daɗe kana ce wa "sai an yi hutu", tura masa wannan, sannan ka kira shi. A yaɗa don Allah, kuma a sa Inna da Tabawa a addu'a.