Kifin da Baba Ya Ƙi Mayarwa Ruwa

Sana'ata ita ce in buga wasannin bidiyo, na waya da na kwamfuta, sannan in zauna in rubuta ra'ayina a kansu: wannan ya yi daɗi, wannan ɓata lokaci ne, wancan kada ka saya wa ɗanka. Wani shafin intanet da ke Legas ne yake ɗaukar rubutun. Na san yadda maganar take faɗuwa a kunnen mutanen Yelwa. In na yi wa mutum bayani sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Allah ya kawo aikin gaske. Ni kuwa in ce amin, don na gaji da musu.

Babanmu masunci ne, tun kafin a haife ni yana ruwa. Ciwon ƙugu ne ya sauko da shi tudu. Ya ba ɗan ƙanensa jirginsa, ya dawo gindin darbejiyar da ke tsakar gidanmu yana ɗinke wa mutane taru. Ni ne auta, yayyena duk sun watse garuruwa. Wannan aikin da ake rainawa shi ya bar ni a gida, ni nake kai Baba asibiti, ni nake kama shi ya miƙe in ƙugun ya riƙe. In aka tambaye shi me autansa yake yi, cewa yake: "Wasa shikai, ana biyan shi." Har yau ban gane ko yabo ne ko zagi ba.

Wata rana editata, matar da ke duba rubutunmu a can Legas, ta kira ni. Ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce rubutuna ba shi da laifi, amma kowa ma zai iya yin irinsa, kuma masu neman gurbina suna da yawa. Ta turo mini wani sabon wasa na kamun kifi, ta ba ni mako guda. In abin da na rubuta bai fita daban ba, to mun rabu lafiya.

Babban yayanmu ya daɗe yana kirana in je in tsaya masa a shagonsa na Kaduna, kuma in aikin nan ya kuɓuce ba ni da sauran hujja. Ban gaya wa kowa ba. Na dai sauko da jakata daga saman kwaba, na kaɗe ta, na tura ƙarƙashin gado.

Kwana uku ina buga wasan. Kana cikin ɗan jirgi a wani tafki mai kyau, ka jefa fatsa, ka jawo kifi. Na rubuta cewa ruwan ya fito ras, hasken rana kamar gaske, sautin ma ba laifi. Da na karanta, ni kaina sai da na yi hamma. Abin kunyar kuma, ni ɗan masunci ne, amma ko jirgin fito na shiga sai cikina ya juya.

A rana ta huɗu, bayan la'asar, zafin ɗaki ya koro ni gindin darbejiya da kwamfutata. Baba yana ɗinki bai ko dube ni ba, har sai da ƙarar filafili cikin ruwa ta fito daga kwamfutar. Hannunsa ya tsaya cak.

"Auta, mi ke nan?"

"Wasan kamun kifi ne, Baba."

"Matso da shi in gani."

Na miƙa masa abin dannawa ina dariya a ciki, don mutumin nan ko wayarsa ni nake ajiye masa lambobi. Ashe ni ne abin dariya. Da ya gane inda ake tuƙi da inda ake jefawa, sai ya bar tsakiyar tafki inda na yi kwana uku ina shawagi, ya nufi wata kwana mai ciyawa da inuwa. Bai daɗe ba ya jawo wani ƙaton kifi irin wanda ban taɓa gani a wasan ba.

Sai rubutu ya fito. Na fassara masa: an auna kifin, an ɗauke shi hoto, yanzu ya danna nan ya mayar da shi ruwa, a ba shi maki.

Baba ya juyo gaba ɗaya, har ya manta da ƙugu.

"In maishe shi ruwa? Wa yac ce?"

"Haka dokar wasan take. Da makin ake buɗe sauran tafkunan."

"Kai dai ba ka da hankali, su ma ba su da shi. Allah shi ba ka arziki ka jehwas?"

Ya ƙi. Ya kama na biyu ya ƙi, na uku ya ƙi. Akwai ɗan akwati a jirgin da ake iya ajiye kifi kaɗan, ya cika shi taf. Wasan ya ƙi gaba, ni kuma raina ya fara ɓaci, don aikina ne yake tsaye. Shi kuwa hankalinsa kwance ya ce jirgi ya cika, sai gida. Ya juya kan jirgin ya tuƙa zuwa gaɓa.

Gaɓar wani dandamali ne na katako, fes da shi, babu kowa. Baba ya daɗe yana kallo.

"Ina mutane?" ya ce.

Na ce babu mutane a wasan.

"Ba mata da daro? Ba masu banda? Ba ko mai cewa mi anka samo?" Ya ajiye abin dannawar a kan taru. "Wanda yay yi wanga abu ya san kihi. Amma bai san abin da ka kai mutum ruwa ba."

Ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki. Tausayinsa ya kama ni. Tunda ya bar ruwa nake zaton kewar kifi yake yi, ashe ta mutanen gaɓa ce.

Washegari da hantsi na share duk abin da na rubuta. Na ba da labarin tsohon da ya ƙi mayar da kifi, da gaɓar da ba mai jiran kowa. Na yabi wasan inda ya cancanta, don wanda ya ɓoye manyan kifaye a inuwar ciyawa ya yi bincikensa. Na tura, na zauna zaman jira, abinci ma ba ya shiga.

Bayan kwana biyu editar ta kira. Ta ce wannan kam babu mai rubuta shi sai ni, kuma masu karatu sun cika shafin da gardama a kan mayar da kifi. Ta ce in ci gaba, in kuma gaishe mata da tsohon.

Na fito na isar wa Baba gaisuwar. Bai ɗago ba ya ce: "To ba ka tahiya Kaduna ke nan?"

Ashe Inna ta ga jakar lokacin da take shara, kuma su biyun sun yi kwanaki suna haɗiye abin ba su tambaye ni ba.

Na ce ba na zuwa.

"Madalla. Ɗauko abin nan."

Ya shiga jirginsa na cikin wasan, ya cika akwati kamar kullum, bai mayar da ko ɗaya ba. Yana isowa gaɓar katakon nan sai na ji motsi a bayanmu. Inna ce ta fito daga madafi, riƙe da tsohon daronta mai tsatsa a gindi, wanda ta daina fita da shi tun ranar da aka ba da jirgi. Ta tsaya a gabansa, ta gyara mayafi.

"Malam, sannu da ruwa. Mi anka samo?"

Baba ya dubi daron. Ya yi gyaran murya, ya goge ido da hannun riga.

"Manya huɗu," ya ce, "da ƙanana."

"Duk yinin ga?" in ji Inna. Ta dire daron a gaban ƙafafunsa, ta ce ya zuba ta gani.