Jinina Ya Yi Sati Biyar a Firiza

Wata bakwai ban ce muku uffan ba. Masu cewa kasuwar Benin ce ta riƙe ni, a'a, ciwo ne.

Da nauyin ƙirji ya fara. In na ɗaga buhun shinkafa a bakin iyaka sai in tsaya ina haki. Likita a nan Bagudo ya ce in je a auna kitsen da ke cikin jinina, don shi ke toshe jijiya.

Wani ƙaramin ɗakin gwaji na je. Ashe ba su da injin, sai dai su tara jinin mutane a firiza, in ya yi yawa su ba direba ya kai Birnin Kebbi a auna. Nawa ya yi sati biyar yana jiran abokan tafiya. Kun kuma san wutar garin nan. Jinin ya daskare, ya narke, ya sake daskarewa, Allah kaɗai ya san sau nawa.

Takarda ta dawo, wai lafiya lau. Don murna har tsire na ci ranar. Likita ya ce gajiya ce, in huta. Babu magani.

Bayan wata biyu, ina alwalar la'asar, buta ta suɓuce mini, hannun dama ya saki. Bakina ya karkace. Matata Hassi ta ce, "Malam, mi as same ka? Yi magana mana." Na kasa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibitin Sakkwato aka ɗebi jini aka auna nan take. Kitsen ya hau sosai. Likitar ta duba tsohuwar takardar, ta tambayi yadda aka ajiye jinin. Ta ce, "Jinin da ya yi ta narkewa yana daskarewa ba a dogara da awonsa. Da tun lokacin aka fara maka magani..." Ba ta ƙarasa ba.

Da na samu sauƙi na koma wurin mai gwajin. Ya ce, "Alhaji, ai kowa haka munka yi mai." Ko kunya bai ji ba. Wannan maganar har yanzu tana ci mini rai.

Alhamdu lillahi, baki ya dawo, ina takawa da ƙafata. Hassi, Allah ya saka miki da Aljanna. Ku da kuka yi ta addu'a, na gode.

Kafin ku miƙa hannu a ɗebi jini, ku tambaya: a nan za a auna? Yaushe? In ajiyewa za a yi, ku nemi wani wuri, ko da Sakkwato ne.

Ni ban tambaya ba. Har yau da hagu nake cin tuwo, a gaban 'ya'yana.