Takalmanmu a Adakar Kaka

Jiya ina gyaran durowa sai ƙwayar kafur ta faɗo daga cikin tsofaffin zannuwa, ta gangara ƙarƙashin gado. Ban ma ɗauko ta ba. Warin kawai ya ishe ni, na zauna a bakin katifa ina jin sanyin simintin gidanmu na Fagge a tafin ƙafata, kamar yanzu na taka shi.

A gidan nan, ranar da aka ba da dogon hutu ranar karɓar takalma ce. Kaka, mahaifiyar Baba, za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta jawo adakarta ta ƙarfe mai zanen furanni, ta ce kowa ya kawo nasa. Yaya ya kawo sandal ɗinsa na makaranta da silifas, ƙanwata Auta ta kawo nata, 'ya'yan baffanmu su kawo nasu. Ni ba a sa ni boko ba, don tun ina goye aka ba Kaka ni riƙo, sai da na yi 'ya'ya na shiga ajin manya na koyi wannan rubutun da kuke karantawa. Amma ni da ba ni da hutu ma sai an haɗa da nawa. Kaka ta jera su a adakar, ta watsa kafur, ta rufe, ta ƙulle makullin a gefen zaninta. Ba za su sake ganin rana ba sai an koma makaranta.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne, ko da yake ita ba ta taɓa faɗa da bakinta ba. Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma a ƙarshen lungunmu akwai babbar kwata wadda in an yi ruwa take cika ta batse, tana ruri kamar injin niƙa. Inna, mahaifiyarmu, ce ta gaya mini, muna tsince shinkafa, cewa Kaka tana da ɗan auta, ƙanin Baba. A wani dogon hutu ya fita wasa bayan an ɗauke ruwa, kwata ta ja masa takalmi ɗaya, ya bi shi. Bai dawo da rai ba. Lissafin Kaka shi ne, yaron da ba shi da takalmi ba zai yi nisa ba a lungun da ke cike da caɓi da fasassun kwalabe.

Haka muke wuni, katanga ta ko'ina. Baba ya tafi shagonsa a kasuwar Singa tun da sassafe, mu kuwa iyakarmu zaure, inda Malam yake zuwa ya biya mana allo. Daga tsakar gida muna jin komai, ba ma ganin komai. Jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, mai gyaɗa dafaffiya ta wuce tana talla, yaran unguwa suna ihu a kan ƙwallo. Yaya yakan kwanta rub da ciki ya leƙa ta ƙarƙashin ƙyaure, yana ba mu labarin ƙafafun da ke wucewa. Wannan mai kurar ruwa ne, wannan ɗan gidan liman ne, an sai masa sabon kambas.

Kaka Babarbariya ce, ta daɗe a Kano amma harshenta bai gama sakin Borno ba. Ɗakinta kullum cikin turaren wuta. Ruwan da za mu sha sai ta tafasa shi ta juye a randarta, ƙanƙarar leda kuwa ko sunanta ba ta son ji. In la'asar ta yi ta tara ganyen darbejiya a kasko ta yi hayaƙi saboda sauro, mu yi ta tari muna hawaye. Gaskiya ba mu cika kwanciya ciwo ba. Amma ƙafa tana ƙaiƙayin tafiya, wannan kuwa ba ta da maganinsa.

Wata rana Yaya ya gwada sa'arsa da wasan jika da kaka.

"Haba uwargida, mijinki guda ki bar shi ba takalmi? In an zo gaisuwa fa?"

"Maigidan da ko cefane bai taɓa bayarwa ba? Zauna nan inda idona yake ganinka. In ka matsu, ga bokiti, zagaya rijiya."

Muka yi dariya, ita ma ta yi, amma hannunta yana kan ƙullin zaninta.

Abin da ya faru, da hantsi ya faru. An kwana ana ruwa da iska, har ta ɓalle katako ɗaya daga rufin madafi ta yar a tsakar gida, ba wanda ya lura. Wani ruwan ya sake tsinkewa, Kaka ta bar mu mu yi wanka a ƙarƙashin indararo, don wannan kaɗai ne daɗin da ba ta hana mu. Auta tana tsalle tana juyi, sai muka ga ta durƙushe. Ƙusa ce mai tsatsa a jikin katakon nan, ta shige tafin ƙafarta sosai. Da da silifas a ƙafarta, da wataƙila iyakarta robar.

Kaka ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kira kowa ba. Ta zare ƙusar, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure wurin, ta goya Auta a baya ta yi waje. Na bi ta, ba ta ce in koma ba. Muka ratsa lungu, ruwa har ƙwauri. Da muka zo kan katakon da aka gitta a kwatar nan, ta kama wuyan hannuna ta matse har na ji zafi, ta ɗaga kai sama ba ta kalli ruwan ba, bakinta yana motsi. Muka tsallaka titi wajen mahaɗar Bata, motoci suna watsa mana ruwa, har wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari.

Ma'aikaciyar da ta wanke ciwon ta yi wa Auta allura, sannan ta dubi ƙasa.

"Mama, ina takalmin yarinya? Ke ma ina naki?"

Sai lokacin na kalli ƙafafun Kaka. Caɓi har idon sawu, babban yatsanta yana jini. Ta ce, "Suna gida."

Da muka dawo ta buɗe adakar a gabanmu ta kife ta. Takalma suka zubo, warin kafur ya cika ɗakin. A can ƙasa ga nata na fata da take zuwa biki da shi, ga silifas ɗinta na alwala, ga kuma wani ɗan ƙaramin takalmi guda ɗaya, robarsa ta bushe ta tsage. Shi ta fara ɗaukewa ta mayar. Ashe duk shekarun nan da nata take fara jerawa. Sai na tuna ban taɓa ganin ta je suna ko gaisuwar mutuwa a dogon hutu ba, sai dai ta aiki Inna.

Mun ɗauka an sake mu ke nan. Da yamma ta sa Baba ya zo da kwaɗo, aka maƙala a ƙofar zaure ta ciki.

"Ku sa takalmanku, ko banɗaki za ku. Ƙofa dai ba za ta buɗu ba."

Auta ta warke, ɗan tabo ne kawai ya rage. Mu kuwa muka ƙarasa hutun muna zagaya rijiya da takalma a ƙafa.

Yanzu ina zaune a Sabon Gari, a saman bene, ciki da falo, ko tsakar gida babu. An ba yarana hutu, damina ta zauna. Kwatar layinmu ba ta kai ta Fagge ba, amma ga adaidaita sahu suna shigowa a guje, ga labarin ɓatan yara da ba ya ƙarewa a rediyo. Ina tafasa ruwa, ina sakin gidan sauro tun kafin magariba. Sun gaji da kallo, sun gaji da wayata, sun gaji da faɗa da juna. Makon jiya aka yi bikin 'yar ƙawata, na aika da gudummawa na ce ba na jin daɗi.

Ɗazu 'yata ƙarama ta daɗe a jikin ƙarfen taga tana kallon yaran ƙasa suna tsere da jirgin takarda a bakin kwata. Ta juyo ta ce, "Umma, mu yaushe za mu sauka?"

Na ce mata in an koma makaranta. Ban ɓoye takalmin kowa ba, ga su nan jere a bakin ƙofa, har na goge musu su. Nawa ma yana cikinsu. Makullin ƙofar ne dai yake ƙulle a gefen zanina.